Satifiket Ɗin da Na Rataya a Bango

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Argungu ba, ranar da aka sauko da wani firam daga bango aka miƙo mini a gaban dattawan garinmu, aka ce in karanta in fassara.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin makaranta ne, Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, ina zaune a Gesse. Asalina wani ƙauye ne kusa da Gulma. Mu 'yan ƙauyen da neman abinci ya watsa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu muka kafa ƙungiyar taimakon gida: mu kewaye maƙabarta, mu kai mara lafiya asibiti, mu ɗan tallafa wa marayu. Ranar rabon muƙamai ba a ko yi shawara ba aka ba ni sakatare, tunda ni ne mai Turanci. Kuma da yake na taɓa zama ɗaki ɗaya da wani ɗalibin shari'a a jami'a, na tsinci kalmomi biyar ko shida na lauyoyi, ina yayyafa su a taro kamar yaji. Kafin a daɗe har an fara kirana Lauya. (Ban taɓa cewa ni lauya ne ba. Amma ban taɓa cewa a daina ba.)

Wanda muka so ya shugabance mu shi ne Alhaji Arzika, dattijo mai sayar da shinkafa a Argungu, abokin marigayi mahaifina. Da farko ya ƙi. Ya ce da ni, "Malam, ni na haura saba'in, ban taɓa taka ƙohwar kotu ba, ko shaida. In wani abu yat taso cikin aikin ga, wa za a kama?"

Na gyara zama, na gyara murya. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. In ƙungiya ta yi rajista da gwamnati, a idon doka ta zama kamar mutum mai zaman kansa. Ita ake kai ƙara, ba shugabanninta ba. Ni zan yi rajistar da kaina."

A kan wannan maganar tawa ya karɓa.

Na je wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, mai shagon ya cike mini takarda ta intanet zuwa hukumar rajista. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ya ce takarda ta fito. Ya buga mini ita, ga tambari a sama, ga sunan ƙungiyarmu da manyan baƙaƙe. Na duba sunan, na ga ba a yi kuskure ba, na naɗe. Ban karanta har ƙasa ba. (Ni ɗin nan da nake buga teburi ina ce wa ɗalibai su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa.) Na sa aka yi mata leda, na sayi firam mai ruwan zinariya, na kai Argungu. Aka yi walima da masa da miyan taushe, liman ya yi addu'a, aka rataye firam a ɗakin da ke jikin shagon Alhaji, wanda muke kira ofis, daidai saman kujerarsa.

Wata uku bayan haka na nuna wa Malam Bitrus hoton firam ɗin a wayata. Bitrus abokin aikina ne, malamin lissafi, mutumin wajen Zuru, kuma shi ne sakataren kwamitin cocinsu. Ba shawara na je nema ba, burga na je yi. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya gangara ƙasa har layin ƙarshe.

Ya ce, "Malam, wannan ai ba satifiket ba ne."

Na ce, "Me ne ne to?"

Ya ce, "Suna kawai aka ajiye muku, na kwana sittin, kafin ku cika sauran sharuɗɗa. Ga shi nan an rubuta a ƙasa. Mu da muka yi na coci sai da muka zaɓi amintattu, muka rubuta tsarin mulki, muka kai bayanin taron da aka zaɓe su, aka buga sanarwa a jaridu, aka jira ko wani zai yi ƙorafi. Mu ma ba mu farga ba sai da wani ya so ya kai fastonmu ƙara a kan filin coci, da sunansa shi kaɗai. Naku kwana sittin ɗin ma ai sun wuce."

Kun san abin da na ce masa? Na yi wata dariya na ce, "Ai na sani, gwada ka nake."

Na koma aji. Niyyata in gyara a ɓoye. To amma gyaran yana buƙatar sa hannun dattawan da hotunansu, kuma ba yadda za a yi in nemi waɗannan ba tare da an tambaye ni na mene ne ba. Na ce sai bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa na ce sai bayan Sallah. A haka shekara biyu ta shuɗe. Duk taron da muka yi ina zaune ina fuskantar firam ɗin nan, in baƙo ya zo kuma Alhaji ya nuna masa shi da sanda ya ce, "Aikin Lauyanmu na." Ni kuwa in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka tawali'u ne.

A cikin shekarun nan ne muka yi babban aikinmu. Muka haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, muka ɗora tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Mata suka huta da zuwa nesa ɗiban ruwa, kowa yana sa mana albarka.

Sai ga iskar farkon damina. Tankin yana cike, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe daga inda aka yi walda, ya rikito a kan katangar maƙwabcin wurin, wani manomi mai suna Nomau. Shi kuma lokacin ya fito zai kwance awakinsa. Katanga ta danne masa cinya ta karye.

Da labari ya iso, Alhaji ya kira ni yana salati. Ya ce in shirya gobe da sahe mu tahi mu duba Nomau, mu ga abin da za a yi. Nan ne na yi ɓarnar da ta fi ta firam. Tsoro ya kama ni, na ga in aka fara maganar waye ke da alhaki, za a zo kan takarda. Sai na ce, "Baba, kada a je tukuna. A doka, in ka je gaida mutum da sunan ƙungiya, ka amsa laifi ke nan. A bari ƙura ta lafa." Ban san inda na samo wannan dokar ba. Ina jin a bakina aka haife ta a lokacin.

Alhaji ya ce, "Abin bai yi mini daɗi ba. Amma kai ka san doka."

Bayan mako biyar sai ga wasiƙa daga wata lauya, Barista Hadiza, a madadin Nomau. Wani ɗan 'yar uwarsa da ke aiki a Birnin Kebbi ne ya kai mata maganar. Wasiƙar ba ƙungiya ta ambata ba. Sunayen mutum biyar ta jera ɗaya bayan ɗaya, na Alhaji Arzika a sama, nawa na biyu. Ta ce ta bincika ba ta ga ƙungiya mai rajista da wannan suna ba, don haka in ba a zauna ba, mu za ta kai kotu, kowa da ƙashin kansa.

Alhaji ya sake kirana, amma a wannan karon har da 'yar dariya a muryarsa. Ya ce, "Malam, yarinya ta, ba ta yi bincike da kyau ba. Na kira lambar da ke jiki, na ce ta zaka ran Asabar ta gani da idonta, shi na nan rataye bisa kaina. Kai ma ka zaka, ku yi ta lauya da lauya."

Wannan ranar Litinin ce. Daga ita zuwa Asabar ban san ɗanɗanon abinci ba. Na shiga aji na rubuta darasin 'yan aji uku ga 'yan aji ɗaya, ba wanda ya faɗa mini sai da na cika allo. In na hango ɗan sanda a shataletale sai in rage gudun babur in fara gaishe shi tun daga nesa. Matata ta ce ko zazzaɓi ne, na ce gyambon ciki ne (kuma kafin Laraba ya zama gaskiya). Abin da ke cina ba kotu ba ce a karan kanta. Hoton Alhaji nake gani, da farin gemunsa, an kira sunansa a gaban alƙali ya miƙe da sanda. Ina tunanin ko za a taɓa shagonsa, ko gidansa. Mutumin da ya tambaye ni tun ranar farko wa za a kama.

Ran Laraba na samu Bitrus a ɗakin malamai na kwashe komai na faɗa masa. Bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Je ka faɗa wa tsohon nan kai da shi, kafin Asabar. Kunya a gaban mutum ɗaya ta fi sauƙi."

Ran Alhamis bayan an tashi makaranta na hau mota zuwa Argungu, ina maimaita jawabina tun daga tasha. Na tarar da Alhaji a ƙofar shago. Ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, ya zauna yana kallona ina ci. Na ajiye cokali na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce, "Ɗana, in ba don kai ba, da yanzu hawan jini ya kada ni. Mahaihinka ya bar muna abin kirki." Na mayar da maganata na haɗiye ta tare da tuwon. Na ce masa dama na zo gaishe shi ne.

Asabar ta zo. Ofis ya cika, mutum kusan ashirin, har da waɗanda rabonsu da taro tun walima. Kowa ya zo ganin yadda Lauya zai yi da lauya. Ni kuwa na sa babbar riga.

Barista Hadiza ta iso da ƙarfe goma. Ba za ta wuce shekara talatin ba, da mayafinta da 'yar jakarta. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta gaida kowa, ta zauna a kujerar da aka ba ta. Alhaji ya nuna bango da sanda ya ce a sauko mata da shi. Aka sauko da firam, wani har ya goge gilashin da hannun rigarsa.

Ta karɓa ta duba. Ban ga ta yi minti ɗaya ba. Ta ɗago, ba dariya ba raini, ta ce, "Baba, wa yac ce muku wanga satifiket na?"

Kawuna ashirin suka juyo wurina a tare.

Na ce, "Barista, wato... shi al'amarin rajista ai mataki-mataki ne. Muna kan hanya."

Ta ce, "To. Ga layin ƙarshe nan, Malam. Ko za ka duba?"

Alhaji ya karɓi firam daga hannunta ya miƙo mini. Ya ce, "Mu ba mu jin Turanci. Karanta muna, ka hwassara."

Na karɓa da hannu biyu. Na karanta layin da Turanci, a hankali, ina fatan a kira salla ko a ɗauke numfashina, duk wanda ya riga. Ban taɓa karatu da kyau irin na ranar ba, kowane harafi na ba shi haƙƙinsa, don dai in ja lokaci. Layin ya ƙare. Saura fassara.

Na ce, "Yana nufin... an ajiye wannan suna na kwana sittin. Kuma wannan takarda ba shaidar rajista ba ce."

Wani daga baya ya ce, "Kwana sittin daga yaushe?"

Liman, wanda ya yi wa takardar addu'a da bakinsa, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Barista ta so ta rage mini zafi, ina jin, sai ta ce ko akwai littafin bayanin taro, ta ga yadda aka yanke shawarar ba mai walda aikin, da wanda aka ɗora wa duba tankin. Na zaro littafin daga jaka, tunda ba yadda zan yi. Ta buɗe. Taro na ɗaya yana nan, an rubuta shi tsaf har da jan layi da jan biro. Taro na biyu rabin shafi. Ta juya shafi na gaba ta tsaya. Sakamakon gwajin 'yan aji biyu ne, da sunayensu da makinsu, har zuwa bangon baya. Ta rufe littafin a hankali ta ajiye a gefe, kamar wadda ta buɗe ƙofar da bai kamata ba.

Duk wannan da sauƙi. Alhaji ne ya juyo ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Malam, kuskure kowa na yi. Abu guda nika tambaya. Tun yaushe ka sani?"

Da na ce yau na sani, da ya yarda. Na ga haka a idonsa, yana ma so in faɗa. Amma ƙaryar ta ƙare mini, ban da sauran ko ɗaya a aljihu.

Na ce, "Shekara biyu ke nan, Baba."

Ya ce, "Ran Alhamis da kac ci tuwona, ka sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya juya ga Barista ya tambaye ta ko yanzu shi za a kai kotu. Ta yi masa bayani a natse: tunda ba rajista, doka ba ta san wata ƙungiya ba, mutanen da suka sa aka yi aikin ta sani. Ta ce ko da rajista ma, ba ta hana a biya wanda aka cutar, sai dai a nemi ƙungiya da abin da ta mallaka maimakon a bi dattawa gida-gida. Sannan ta ce, "Amma Baba, in gaya muku gaskiya, Malam Nomau ba kotu yaka so ba. Cewa yay yi kwana talatin da biyat yana kwance, ko mutum guda bai zaka da sunan ƙungiya yac ce mai sannu ba. Shi na abin da yaƙ ƙona mai rai. Mi ya hana ku?"

Kawuna ashirin suka sake juyowa. A wannan karon ban jira an tambaye ni ba. Na ce, "Ni ne. Na ce doka ta hana."

Barista ta ce, "Wace doka?"

Na ce, "Babu ta."

Alhaji ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce, "Ku tashi. Yanzu za mu." Ya dube ni ya ce, "Kai za ka shiga gaba."

Muka cika mota biyu muka nufi ƙauye. Mun samu Nomau a kan tabarma a zaure, ƙafa ɗaure da karan ɗori, ya rame. Ta bayansa ana hango katangar a zube, an kare da zana. Na yi sallama, na durƙusa, na faɗa masa cewa dattawan nan sun so zuwa tun washegari, ni na hana su da ƙarya, don in rufa wa kaina asiri. Nomau ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Kai ba ɗan Malam Ummaru ba na? Da ni anka ɗauki gawar tsohonka."

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Ruwan tankin ga, ɗiyana sun sha, matana sun huta. Ni ban ce kun yi da gangan ba. Amma ko akuya ta karye ana leƙa ta."

Hawaye ne kawai suka zo, a gaban kowa, cikin babbar riga.

A nan zauren aka yi sulhu, Barista ta rubuta, kowa ya sa hannu bayan an karanta da Hausa har layin ƙarshe. Muka ɗauki nauyin kai shi asibiti a duba ɗorin, da gina katanga, da sake ƙafafun tanki nesa da gidan mutane. Saura gonarsa ta fadama, ga lokacin dashen shinkafa ya yi, ga mai gona a kwance. Alhaji ya ce za a yi gayya ran Asabar mai zuwa, wanda ba zai iya ba ya aiko da wani. Ya ce, "Ban da sakatare. Shi da kainai za shi shiga." Rabona da laka tun ina firamare. Na yini a duƙe, matsattsaku biyu suka kama ni a ƙwauri, layin da na dasa kuwa sai da aka tumɓuke aka sake.

Rajistar gaskiya ta ɗauke mu watanni. Barista Hadiza ce ta yi mana, Bitrus kuma ya ara mini tsarin mulkin cocinsu in ga yadda ake tsarawa. (Saura kaɗan in miƙa namu da sashen da ya ce fasto ne zai buɗe taro da addu'a. Liman ne ya gano, da aka karanta masa.) Nomau ya tashi, yana ɗan ɗingishi in sanyi ya yi, kuma duk lokacin da na gan shi yana tahowa sai in ji ɗingishin a ƙirjina.

Na rubuta takardar ajiye muƙami na kai wa Alhaji. Ya sa na karanta masa, ya karɓa ya mayar mini a aljihu. Ya ce, "Ina za mu samu wani wanda yas sha kunya irin taka? Sabo sai ya sha tashi kunyar daga hwarko. Zauna."

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na saye shi da tsada: ilimin da aka tsinta a ɗakin kwanan wani bai isa a jingina dattijo a kansa ba, kuma duk dokar da ta hana ka gaida mara lafiya, duba da kyau, wataƙila kai ka ƙirƙire ta. A taronmu na watan jiya wani ya tambaye ni ko ƙungiya tana iya mallakar gona da sunanta. Amsa ta taho har bakina, da kalmominta na Turanci a shirye. Na danne ta na ce, "Ban sani ba. Bari a tambayi Barista."

Liman ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam ya samu lahiya."